Ruwan Famfo da Salga a Sabbin Unguwannin Jega, Aliero da Maiyama: Abin da Ya Shafi Lafiyar Iyalinku

Garuruwan Jega, Aliero da Maiyama suna faɗaɗa, kuma gidaje sun fi bututun ruwa sauri. Gonar da ake noma gero a cikinta shekaru kaɗan da suka wuce yau an yanka ta fuloti-fuloti. A Jega kasuwa ce ke jawo mutane, tare da babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri da Kwantagora. A Aliero, tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a 2006, ɗakunan hayar ɗalibai suka bazu a gefen gari, ga kuma cinikin albasa da ke tara baƙi. Wanda ya gina gida a irin wannan wuri yakan tare kafin famfo ya iso, sai ya haƙa rijiya ko burtsatse, ya haƙa salga a cikin filin nan guda, ko kuma ya dogara da 'yan ga-ruwa.

Idan iyalinku na zaune a irin wannan unguwa, kuma ana yawan fama da gudawa a gidan, ko an sha yi wa mutum ɗaya maganin taifod ciwon na dawowa, to batun kai ruwa da magudana zuwa bayan gari ya shafe ku kai tsaye. Maganin da muke rubutawa a asibiti yana kashe ƙwayar cutar da ke jiki ne kawai. Idan tushen ruwan bai canza ba, za a sake ɗauko ta.

Wa ke da alhakin unguwar bayan gari?

A Jihar Kabi, kamar yawancin jihohin Najeriya, an raba aikin ruwa gida biyu. Hukumar ruwa ta jiha ita ke kula da ruwan famfo na birane da manyan garuruwa, irin matatar Dukku da ke ba Birnin Kabi ruwa. Hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara, wadda aka fi sani da RUWASSA, ita ke kula da ƙauyuka, inda aka fi yin famfon tuƙa-tuƙa da burtsatse mai aiki da sola. Ƙananan hukumomi kuma suna da jami'an duba-gari.

Sabuwar unguwa takan faɗa tsakanin biyun. Ta yi nisa da tsohon bututun gari, kuma ta yi cunkoson da famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ba zai ishe ta ba. A ƙauye irin Jiga Birni, Kimba ko Andarai gidaje na da sarari, ana iya nisanta rijiya daga salga. A tsakiyar gari, inda bututu ya kai, akwai damar samun ruwan da aka tace. Gefen gari ya ɗauko cunkoson birni ba tare da ruwan birni ba, shi ya sa a ganina ya cancanci a fara dubawa idan ana maganar faɗaɗa aikin ruwa.

Lissafin da fuloti ba ya iya ɗauka

Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin salga da rijiya, kuma ƙasan ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake tsayawa. Ƙasa tana tace ƙazanta, amma sai ta samu tazara da lokaci.

Yanzu ku auna filinku. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 daidai yake da kimanin mita 15 da mita 30. Ke nan ko kun sa rijiya a bakin ƙofa, salga kuma a ƙarshen bangon baya, da ƙyar za ku cika tazarar. Rabin fuloti kuwa ba ya cika ta ko kaɗan. Ko kun cika, salgar maƙwabcinku na dama ko na hagu tana iya kasancewa mita biyar kacal daga rijiyarku, bango ne kawai ya raba ku, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san bango ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa a unguwa mai cunkoso gida ɗaya ba zai iya kare ruwansa shi kaɗai ba. Dole a ɗauko ruwan daga wuri mai nisa da salgogi, a kawo shi ta bututu.

Wannan ba sabon darasi ba ne. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa a Landan. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan, ya gano cewa daga famfo ɗaya suke ɗiba, ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya aka tarar ramin ƙazanta na wani gida yana yoyo, ƙasa da mita ɗaya daga rijiyar da ke ba famfon ruwa. Mutanen unguwar suna son ruwan nan saboda garai yake a ido, kuma yana da daɗin sha.

Burtsatse mai zurfi ya fi rijiyar guga aminci, musamman a yankinmu da ke kan shimfiɗar yashi da laka mai riƙe ruwa sosai a ƙarƙashi. Amma amincinsa ya dogara da yadda aka gina shi. Idan ba a zuba siminti an toshe gefen bututun daga sama ba, ruwan kwata da na damina zai bi gefen ya gangara har inda ake zuƙowa. Ku tambayi mai haƙa ko ya yi wannan toshiyar, ku kuma tabbatar an yi dakalin siminti a bakin burtsatsen da hanyar da ruwan da ya zube zai bi ya yi nisa.

A damina lamarin yana ƙaruwa. Ruwan ƙasa yana tasowa har ya taɓa gindin salga, musamman a unguwannin da ke kusa da fadamar Gulbin Zamfara. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a Jega da sauran sassan jihar, ya san yadda ruwa ke shiga gida ya haɗe salga da rijiya wuri ɗaya. Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a shan ruwanta sai an kwashe, an yashe, an zuba kulorin.

Cututtukan da ke bin wannan hanya

Kwalara ita ce mafi gaggawa. A 2021 hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa ta ƙidaya sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Kabi na cikin jihohin da abin ya taɓa. Alamun kan bayyana tsakanin awa 12 zuwa kwana 5 bayan shan gurɓataccen ruwa: gudawa tsinkakkiya kamar ruwan wankin shinkafa, sau da yawa tare da amai, galibi babu zazzaɓi. Babban mutum mai ƙarfi yana iya rasa ransa cikin awanni saboda ƙarewar ruwan jiki. Wani abin lura shi ne yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa nuna alama ko kaɗan, amma suna fitar da ita a bayan gida har kwanaki. Don haka salgar gidan da babu mara lafiya ma tana iya ɗauke da ita.

Taifod a hankali take zuwa. Zazzaɓi mai hawa kullum, ciwon kai, ciwon ciki, kasala, wani lokaci gudawa, wani lokaci taurin bayan gida. Idan ba a yi magani daidai ba, a wajen mako na uku hanji yana iya hujewa, sai an yi tiyatar gaggawa. A nan zan ɗan tsaya a kan gwajin Widal, domin ya sa mutane da yawa shan maganin da ba sa buƙata. Gwajin yana iya nuna alama ga wanda ya taɓa yin ciwon a baya, ko mai zazzaɓin cizon sauro, ko ma lafiyayye. Takardar Widal ita kaɗai ba ta isa a ce mutum yana da taifod ba. Sayen maganin ƙwayoyin cuta a kemis duk lokacin da aka ga wannan takarda yana sa ƙwayar ta daina jin magani, ranar da ciwon gaskiya ya zo kuma a rasa abin da zai yi aiki.

Akwai nau'in ciwon hanta da ke bin ruwa, wato nau'in A da nau'in E, masu kawo shawara, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Nau'in E yana da haɗari ƙwarai ga mai ciki. A watanni ukun ƙarshe yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da suka kamu. An ga ɓarkewarsa a 2017 a Diffa ta Jamhuriyar Nijar da kuma Borno. Mai cikin da idonta ya yi rawaya asibiti za a kai ta a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ga yara ƙanana kuwa, gudawar da ke tafiya tana dawowa ita ce mai ɓarna a ɓoye. Hanjin yaro yana kasa tsotse abinci, sai ya tsumbure ko da ana ba shi abinci isasshe. Tsargiya, wato fitsarin jini, tana kama yaran da ke wanka da wanki a gulbi ko kududdufi, domin tsutsar ta fata take shiga. Inda ruwa ya iso gida, zuwan yara gulbi yana raguwa.

Sai wani abu da ya shafi masu zama kusa da lambunan albasa da gonakin rani. Takin zamani da ruwan salga suna ƙara sinadarin naitiret a rijiya mara zurfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita. Babba ba ya jin komai, amma jariri yana iya yin shuɗi a leɓe domin jininsa ya kasa ɗaukar iska. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi. Wannan ƙarin dalili ne na shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, ba tare da ruwa ba.

Jan bututu kaɗai ba ya isa

Mutane kan ɗauka da an shimfiɗa bututu an gama. Tsarin ruwan gari yana da sassa da dole su yi aiki tare: tushen ruwa, ko gulbi ko manyan burtsatsai, sai wurin tacewa da sa kulorin, sai injin turawa da wutar da za ta juya shi, sai tankin sama, sannan bututu. Idan aka ƙara tsawon bututu ba a ƙara yawan ruwan da ake turawa ba, ƙarfin ruwan zai ragu ga kowa, na ƙarshen layi kuma su samu iska.

Haɗarin da ya fi damuna a matsayin likita shi ne ruwan da ke zuwa yana ɗaukewa. Muddin bututu cike yake da ruwa mai ƙarfi, duk inda ya fashe waje ruwan ke fita. Da an ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wurin fashewar. Ku duba yadda ƙananan bututan roba ke bi ta cikin kwata a lunguna, za ku gane abin da yake zuƙowa. Masu ɗaura injin zuƙo kai tsaye a kan layi suna ƙara tsananta wannan ga maƙwabtansu. Saboda haka idan famfo ya dawo bayan kwanaki, ruwan farko na wanki ne da ban ruwan shuka, a bar shi ya zuba na ɗan lokaci kafin a tari na sha.

Kulorin kuma yana raguwa yayin da ruwa ke tafiya, zafi yana ƙara saurin raguwarsa. Abin da ake so shi ne a samu aƙalla miligiram 0.2 cikin lita a bakin famfon ƙarshe, a lokacin annobar kwalara kuwa 0.5. Unguwar bayan gari ita ce a ƙarshen layi, don haka a can ya kamata a riƙa aunawa. Na'urar awon ƙarama ce, ba ta da tsada. Ɗan warin kulorin da wasu ke ƙi a ruwan famfo alama ce cewa kariyar ta iso.

Yawan ruwa ma magani ne. Mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a rana domin sha, girki da ɗan tsafta shi ne lita 20, sai an kai wajen lita 50 ake samun sukunin wanka da wanki yadda ya kamata. Gida mai mutum goma yana buƙatar lita 200 a ƙalla, wato jarka takwas mai lita 25 kowace rana. Gidan da ke sayen kowace jarka daga 'yan ga-ruwa, ko yaransa ke tafiyar sama da rabin awa kafin su kawo, abin da yake fara ragewa shi ne wanke hannu.

Magudanar ƙazanta: abin da zai yiwu

Tsarin da bututu ke kwashe bayan gida daga kowane gida zuwa matata ɗaya yana nan a wasu sassan Abuja, inda matatar Wupa ke karɓa. Yawancin garuruwan Najeriya, har da manyan birane, da salga da sokawe suke aiki. Ra'ayina shi ne kada a sa ran irin tsarin Abuja a Jega, Aliero ko Maiyama nan kusa, kuma kada a ɗauka rashinsa ne matsalar. Irin wannan magudana tana buƙatar ruwa mai yawa kullum domin ya tura ƙazanta. Idan ruwa ya ɗauke, sai ta toshe ta fashe a kan titi. Haka ya faru a Harare ta Zimbabuwe, inda lalacewar bututan ruwa da na ƙazanta ta haddasa kwalarar 2008 zuwa 2009, kusan mutum 100,000 suka kamu a ƙasar, sama da 4,000 suka rasu.

Abin da ya dace da garuruwanmu ya fi wannan sauƙi. Kowane gida ya samu salga mai dakalin siminti, da murfi, da bututun fitar da wari wanda aka rufe bakinsa da raga saboda ƙuda. Kasuwa, tasha, makaranta da gidajen hayar ɗalibai su samu isassun bayi da ruwan wanke hannu. Sannan ƙaramar hukuma ta ware wuri nesa da gulbi da rijiyoyi inda masu kwasar salga za su zubar. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa. Salgar da aka kwashe da dare aka juye a kwata ko a bakin fadama ta mayar da aikin baya gaba ɗaya.

A 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta, a 2019 kuma ta ƙaddamar da gangamin hana bahaya a fili. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kimanin mutum miliyan 48 na yin bahaya a fili. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina, kuma ta kai ga haka ne da salgar gida-gida.

Kafin famfo ya iso

Ku ware ruwan sha daban da na sauran amfani. Ku tafasa shi har ya yi ɓararraka na minti ɗaya, ko ku sa kulorin na ruwan sha, irin Aquatabs ko WaterGuard, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, ku jira minti 30. Idan ruwan ya yi gauraye, a fara kwantar da shi da alif ko garin 'ya'yan zogale, a tace da tsumma mai tsafta, sannan a sa kulorin. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya wadatarwa wajen kashe ƙwayar cuta.

Sau da yawa ruwa yakan iso gida lafiya, randa ce ke ɓata shi. Moɗar da kowa ke tsomawa, yaro ya sha ya ajiye a ƙasa, ita ce hanyar. Ku yi amfani da mazubi mai ƙaramin baki da murfi, ko bokiti mai famfo, ko ku sa wa randa moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa, a zuba a wani kofi a sha. Tankin sama a wanke shi aƙalla sau biyu a shekara, a kuma rufe shi. Ku tambayi ɗan ga-ruwanku inda yake ɗiba, ku leƙa cikin jarkokinsa. Idan kun ga gansakuka, ruwan na buƙatar kulorin komai kyawun burtsatsen da ya fito.

Kashin jariri yana ɗauke da cuta kamar na babba, wani lokaci ma fiye. A juye fo a salga, a wanke hannu da sabulu. A buta ma a haɗa da sabulu a ƙofar bayi.

Idan gudawa ta fara, a fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take. Na leda da ake samu a asibiti da kemis shi ya fi, a haɗa shi da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar. In babu, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, daidai da ledar fiya wata biyu, a sa sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zink, miligiram 20 a rana har kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata shida kuma miligiram 10. A ci gaba da ba da nono da abinci. A garzaya asibiti idan gudawar ta yi kama da ruwan shinkafa, ko akwai jini, ko mara lafiya na amayar da duk abin da ya sha, ko idonsa ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko yaro ya yi laushi ya kasa sha. A riƙa ba shi ruwan a hanya. Idan mutum biyu ko uku suka kamu a lungu ɗaya cikin kwana biyu, a sanar da asibiti mafi kusa da mai unguwa, domin kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka da zai zo ya duba tushen ruwan.

Idan an zo da aikin ruwa unguwarku

Koken da ƙungiyar unguwa ta rubuta, ta bi da shi ta hannun mai unguwa, uban ƙasa da kansila, da adadin gidaje da mutane a ciki, ya fi koken mutum ɗaya nauyi. Idan aikin ya zo, ku tambayi daga ina ruwan zai fito, awa nawa zai riƙa zuwa a rana, wa zai sa kulorin, wa zai auna shi a famfon ƙarshe. Ku nemi a binne bututu a ƙasa nesa da kwata, a kuma yi magudanar da za ta kwashe ruwan wanka da wanki, domin gidan da ya samu famfo ruwan da yake zubarwa yana ninkawa, in ya kwanta a lungu kuma sauro zai samu wurin haihuwa.

Ku kuma daidaita batun gyara tun kafin a buɗe. Burtsatsai masu sola da yawa sun tsaya ne saboda ƙaramin abu, famfo ya lalace ko an sace waya, babu asusun da za a taɓa. Kwamitin ruwa na unguwa, da mata a cikinsa tunda su suka fi sanin ranar da ruwa ya canza launi ko ɗanɗano, ya riƙa karɓar ɗan kuɗi a kan kowace jarka ko kowane wata, ya rubuta a littafi, ya kuma ajiye lambar makanikin da za a kira.